Ƙasar da Goshi Ke Taɓawa

An idar da sallar asuba. Mutane sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ja rawani ya rufe hanci, don iskar hunturun da ke gangarowa daga duwatsun Abzin ba ta san babba ba. Ni dai ban tashi ba. Ƙurar da goshina ya ɗebo a sujada tana nan manne, da sanyinta, kuma yau ita ce ta riƙe ni a zaune. In farillai kaɗai aka ƙirga, sau 34 goshin musulmi yake sauka ƙasa tsakanin asuba da lisha. Na shekara da shekaru ina yin haka a nan Cirozerin kafin ranar da na tsaya na tambayi kaina: wannan ƙasa da nake gaisawa da ita fiye da yadda nake gaisawa da maƙwabcina, me ke kwance a cikinta?

Ƙwan lantarkin da ke rataye a gaban liman shi ya fara ba ni amsa. Wutarsa daga Anu Araren take, nan kusa da mu, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yake haƙo kwal yana ƙonawa tun 1981, ya haska Arlit da Akokan da Agadas da mu kanmu. Mukan ce masa gawayin ƙasa, kuma bakinmu ya faɗi gaskiya ba mu lura ba. Gawayi daga ice yake. To, ina icen? Fita bayan gari ka duba: ƙaya ce jefi-jefi, da tumfafiya a bakin ƙorama, sai tsakuwa iya ganinka. Amma a ƙarƙashin tsakuwar nan kurmi ne kwance. Ya tsiro a fadama, ya faɗi, laka ta binne shi, nauyin da ya hau kansa ya yi ta matsa shi har ya yi baƙi ya taurare. Masana duwatsu sun ce abin ya haura shekara miliyan 300. Ranar da ganyen wancan kurmi ya sha ya adana, ita ce ta haska mana sahu ɗazu.

Wani maƙwabcina da ya yi aiki a ramin kwal ɗin har ƙarfinsa ya ƙare ya taɓa kawo mini ɓallin dutse, faɗin tafin hannu, toka-toka mai duhu. Ya ce, "Malam, riƙe wannan, ka juya shi wajen haske." Na juya. Sai ga zane a jikinsa, ƴan gidaje-gidaje jere reras kamar saƙar tabarma, kowane gida da ɗan tabo a tsakiyarsa. Na shafa da babban yatsa, na ji tudu da kwari. Ɓawon itace ne, kowane tabo kuma gurbin ganyen da ya faɗi. Na ce, "Alhaji, wace itaciya ce wannan?" Ya ce shi dai duk yawonsa, daga Tawa har Tamanrasat, bai taɓa ganin mai irin ɓawon nan ba. Ba zai gani ba kuwa. Manyan wannan dangi sun ƙare tun tuni. Abin da ya saura nasu ƴan ƙananan tsirrai ne, masu laɓewa a wurare masu laima.

Dutsen yana kan tagata tun ran nan. Makon jiya jikana da ke kwaleji ya dawo daga lakwal, ya ƙi cin abinci, ya zo ya durƙusa kusa da ni. Ya ce, "Kaka, mushe ya koya mana juyin halitta. Ya ce dabbobi da itatuwa ba haka suke ba tun farko, wai wasu daga wasu suka fito. Wani ɗan ajinmu ya ce duk wanda ya yarda ya kafirta. Ga jarrabawa ta matso. In rubuta abin da zai kai ni wuta?" Idonsa ya kawo ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ganin an sa yaro ɗan shekara 15 ya zaɓa tsakanin Ubangijinsa da idonsa, alhali Wanda Ya ba shi imanin Shi Ya ba shi idon. Bimbinin safiyar nan nasa ne, da na duk wanda aka taɓa firgitawa haka.

Alƙur'ani bai taɓa umartarmu da runtse ido ba. Aya ta 20 a Suratul Ankabut umarni ce da tafiya a bayan ƙasa don duba mafarin halitta. A Suratul Gashiya kuwa raƙumi aka tura mu kallo, da sama, da duwatsu, da shimfiɗar ƙasa. Mutanen wasu garuruwa sai sun biya kuɗin mota kafin su ga waɗannan. Mu a ƙofar gida suke kwana. To, bari mu yi tafiyar, ko da a zaune.

Ƙasar yankinmu hawa-hawa ce, kamar tabarmin da aka jibga a ɗakin amarya: wadda ke can ƙasa ita aka fara shimfiɗawa. Allah kuma Ya sauƙaƙa mana karatun, domin jibgin ya ɗan karkata yamma, ruwa da iska sun zaizaye bakinsa. Saboda haka wanda ya taso daga gindin Abzin ya nufi yamma da kudu, zamani bayan zamani yake takawa da ƙafarsa, daga tsoho zuwa sabo.

A hawan da kwal yake babu fure, babu ɗan itace mai zaƙi, babu ciyawa irin wadda awaki ke ci, babu tsuntsu, babu dabba mai gashi. Ka hau gaba kaɗan, kusa da Arlit, akwai jajayen duwatsun da masana ke kira Moradi, masu wajen shekara miliyan 260. A cikinsu aka tono wata dabba mai girman saniya, ƙoƙon kanta duk ƙulu-ƙulun ƙashi. A 2003 aka raɗa mata Bunostegos akokanensis, wato da sunan Akokan, garin da aka gina wa ma'aikatan kamfanin yuraniyom na COMINAK, kuma cikin waɗanda suka raɗa sunan har da ɗan ƙasarmu Bube Gado. Da aka yi nazarin ƙasusuwan ƙafafunta na gaba a 2015, sai aka ga ba ta baje su gefe kamar ƙadangare ba, a ƙarƙashin jikinta take kafa su. Mutum nawa suka yi shekara talatin a Akokan, suka aurar da ƴaƴa a can, ba su san sunan garinsu yana cikin littattafan duniya ta dalilin wata dabba da ta yi kiwo a wurin kafin a yi dinozor ko ɗaya ba?

Dinozor sai a hawan sama. A wajen Ingal aka samo Jobaria, mai dogon wuya da ƙafafu kamar ginshiƙai, wadda aka sa wa suna a 1999 daga Jobar, dodon da Abzinawa ke jingina wa manyan ƙasusuwan da suke tsinta a daji. Can kuma cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai Gadufawa. Masu neman yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwan wurin, suka kira wani matashin masani daga Faransa, Philippe Taquet, ya zo a 1965. Abin da ya fito daga rairayin nan, mai shekara wajen miliyan 110, ya isa mutum ya yini yana tasbihi. Akwai kada da tsawonsa ya haura mita 9. Akwai Nigersaurus mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, waɗanda ke zubewa wasu su maye gurbinsu kusan duk mako biyu. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama zai tsaya a gaban irin waɗannan ƙasusuwa ya ga kansa ƙarami. Bayan zamaninsu teku ta shigo ta kwanta a kan Adar har ƙasar Sakkwato, shi ya sa wata dabbar teku mai kama da ƙaton guza take ɗauke da sunan Goronyo.

Mutum fa? Sai can a saman jibgin, cikin ƴar fatar rairayi. A Gobero, inda ayarin Paul Sereno ya tsinci wata maƙabarta a shekarar 2000, mutane sun zauna bakin tabki kusan shekara 10,000 da suka wuce, suna kama giwan ruwa, dorina na iyo a gabansu. A cikin kaburburan akwai na wata mace da yara biyu rungume da juna. A Dabus kuma, kan hanyarmu ta zuwa Arlit, wani mai hannu ya sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, tsayinsa ya fi mita 5, da zanen fatarsa gida-gida. Mai sassaƙar ya san dabbar gani da ido. Yau in muna son ganin irinta sai mun gangara kudu, irin su Kure.

Abin da ya fi kama ni shi ne jerin ba ya rikicewa. Fiye da shekara 40 ana yaye ƙasa a Anu Araren, fiye da 50 a Arlit, haka ake yi a Sin da Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu, kuma ba a taɓa ciro ƙashin akuya ko ƙwallon dabino daga hawan kurmin kwal ba. Da an samu ko ɗaya, tabbatacce, da zancen juyin halitta ya rushe a ranar, kuma wanda ya samo shi da ya fi kowa suna. Maganar da ta bar ƙofa a buɗe haka, ta ce ga abin da zai ƙaryata ni in kun same shi, ta cancanci a saurare ta da natsuwa.

Jikana ya tambaye ni abin da kowa ke tambaya: wa ya ƙirga waɗannan miliyoyi? Amsar tana cikin abin da kamiyoyi suka yi shekaru suna kwashewa daga Arlit. Yuraniyom ba ya zama yadda yake. Sannu a hankali yana rikiɗewa ya koma dalma, da wani ma'auni da zafi ko sanyi ko nauyin ƙasa ba sa canza shi. Nau'in da ya fi yawa, wanda ake kira 238, rabinsa ne yake komawa dalma cikin shekara miliyan 4,470. Nau'in 235 ya fi sauri, miliyan 704 ya ishe shi. Akwai kuma wata ƴar tsakuwa, zirkon, da ke ƙulluwa cikin duwatsu masu aman wuta. Lokacin da take ƙulluwa tana karɓar yuraniyom, ta ƙi dalma. Saboda haka dalmar da aka tarar a cikinta daga baya ta samu, daga yuraniyom ɗin da ke ciki. A auna wannan, a auna wancan, lissafi ya fito. Kuma agogo biyu ne a tsakuwa ɗaya, kowanne na duba ɗan'uwansa. Inda tokar aman wuta ta kwanta tsakanin hawa da hawa, a nan ake karanta shekarun, sannan a gwama da irin ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da ita. Da awon dalma Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956, wajen miliyan 4,550, kuma awon da aka yi ta maimaitawa tun daga nan bai kauce da nisa ba. Mun san yuraniyom da albashi, mun san shi da ƙura da tari da gardamar wa ya ci riba. Ashe agogo ne Allah Ya binne a ƙarƙashinmu. Wanda ya ji tsawon nan ya girgiza, ya tuna cewa Littafin da ya ambaci kwana shida shi ne kuma ya ambaci yinin da ya kai shekara dubu, da wanda ya kai dubu hamsin.

Mai hankali zai ce: na ga jeri, amma zuwa bayan wani ba ya nufin shi ya haife ka. Gaskiya ne. To, a kira wani shaida.

Ranar layya, bayan an feɗe rago, ɗauki ƙafarsa ta gaba ka bi ta da yatsa. Ƙashi ɗaya daga kafaɗa, sai biyu da suka kusa haɗewa, sai ƴan ƙanana a dunƙule, sai dogo, sai yatsu biyu da kofato ya rufe. Miƙe hannunka: ɗaya, biyu, ƴan ƙanana, yatsu. Fiffiken jemage ma haka, yatsun ne aka ja suka yi tsawo, fata ta haɗe su. Ka tsaya wajen mahauci ranar da aka yanka raƙumi ka ƙirga gaɓoɓin wuyansa, bakwai za ka samu. Na raƙumin dawa bakwai, na ɓera bakwai, naka bakwai. Ƙashin nan mai reshe biyu kamar gwafa da ke gaban ƙirjin zabo, wanda yara ke tsotsa su jefar, an same shi a jikin Suchomimus, wani dinozor mai cin kifi daga Gadufawa. Mu da muke gane ɗan gidan wane daga tafiyarsa tun yana nesa, mu ce jini ba ya ɓuya, bai kamata wannan kamanni ya zame mana baƙo ba.

Labarin da na fi so shi ne na manyan dabbobin teku masu shayar da nono, waɗanda Larabawa ke kira hut. A hamadar Masar, yankin Fayyum, akwai kwarin da ake kira Wadi al-Hitan saboda yawan ƙasusuwansu. A 1989 Philip Gingerich ya tono wata mai tsawon fiye da mita 15, kuma can wajen bayanta ga ƴan ƙafafu da ba su kai tsawon hannun mutum ba, da gwiwa da yatsu. Ƙafar da ba za ta ɗauki wannan jiki ko taki ɗaya ba, me take yi a wurin in ba gado ba? Bayan haka wasu masana na dabam, waɗanda aikinsu a ɗakin gwaji yake, suka karanta zaren gadon da ke cikin ƙwayar halittar kowane mai rai, suka ce dangin waɗannan dabbobi mafi kusa a yau ita ce dorina, kuma gidansu ɗaya da masu kofato. Masu tonon ƙashi da yawa ba su yarda ba, aka yi ta ja. Sai a 2001, a Pakistan, aka tono tsofaffin kakanninsu masu ƙafa huɗu, aka ga ƙashin idon sawunsu yana da kwarmi sama da ƙasa kamar ƴar kurar jan guga. Wannan siffa ta gidan akuya da raƙumi da dorina ce. Wanda ya ci ƙafar rago ya taɓa juya ƙashin nan a bakinsa. Masu ja suka sauko, don gani ya kori ji.

Malamanmu na hadisi sun bar mana ma'auni mai kyau a nan. Labarin da ya zo ta hanya ɗaya ana bincikensa da taka-tsantsan. Wanda kuwa ya zo ta hanyoyi masu yawa, daga mutanen da ba su san juna ba, waɗanda hankali ba zai ɗauka sun haɗa baki a kan ƙarya ba, shi ake kira mutawatiri, kuma ba a wasa da shi. Hawan duwatsu bai san agogon yuraniyom ba. Agogon bai san ƙashin idon sawu ba. Ƙashin bai san zaren gado ba. Kowanne aka kira shi gaban alƙali shi kaɗai, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wannan duba ma ba baƙo ba ne a gidanmu. Kusan shekara dubu da suka wuce Albiruni ya lura da duwatsun kwarin Indiya, manya kusa da tsaunuka, ƙanana nesa da su, ya ce wurin da teku ne koguna suka cike shi. Bayanin yadda jinsi ke sauyawa kuwa sai a 1859 Charles Darwin ya shimfiɗa shi a littafi.

Bayanin nasa, in an cire masa rigar boko, manomi ya riga ya san rabinsa. Ni ɗan kudu ne, aiki ya kawo ni arewa. Ina yaro, in kaka ta yi, mahaifina ba ya barin kowa ya taɓa dami sai ya bi zangarniya ɗaya-ɗaya ya ware na iri: doguwa, mai cikar ido, wadda ta nuna da wuri. Yakan rataye su dabam a cikin rumbu. Shibra kuwa, geron nan mai ƴan ƙananan kai da ke kakkaɓe ƙwayarsa tun kafin a zo yanka, da ita yake yaƙi duk shekara. Daga baya na san cewa shibra jinin geron daji ce da ya gauraya da na gida, kuma geron dajin nan yana tsirowa da kansa har a ƙoramun Abzin. Daga shi geronmu ya fito. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an samu shaidar geron gida mai wajen shekara 4,500. Hannu bayan hannu, uba ya ware iri, ɗa ya ware, har ciyawar da ke watsar da ƙwayarta ta zama hatsin da ke riƙe ta sai an sussuka. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duka biyun gaskiya ne: ɗa yana gadon iyaye, amma ba ya zama su sak. In akwai gado, akwai bambanci, akwai kuma mai tankaɗe, iri zai sauya. A gona mahaifina ne mai tankaɗen. A daji fari ne, da sanyi, da yunwa, da cuta.

Wannan ma mun gani da idonmu, kuma da kuka muka gani. Duk wanda ya kai shekaruna ya san nivakin. Ƙwaya ce mai ɗaci, mai araha, in masassara ta kama yaro a ba shi, kwana uku ya tashi. Sai ga shi ana ba yara suna ƙara zafi. Na riƙe ɗiyar ƙanwata a cinyata wani dare na damina, mun ba ta maganin yadda aka saba, jikinta kamar garwashi, kafin asuba ta cika. Muka ce ko jabu aka sayar mana. Abin da ya faru ya fi haka zurfi. Cikin ɗimbin ƙwayoyin cutar akwai ƴan kaɗan da wani ɗan sauyi a zaren gadonsu ya sa suke fitar da maganin daga jikinsu. Maganin ya share saura, ya bar musu fili, suka hayayyafa. An fara ganin haka a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, ya ƙaraso mana cikin shekarun 1980, har dole ƙasashenmu suka sauya magani a tsakiyar shekarun 2000. Likitan da ke ce maka ka shanye maganinka duka ko ka ji sauƙi, da wannan ilimi yake magana. Abin da ya faru cikin shekara talatin a jinin ƴaƴanmu, ka ba shi miliyan 300 ka gani.

Na san inda zuciya take tsayawa. Ba a kan gero ko dorina ba ne, a kan Annabi Adamu ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Masana ba su ce birin da ke kan tsamiya shi ya haifi mutum ba, cewa suka yi jikinmu da nasa tushe ɗaya suka haɗa can da nisa. Suna da ƙasusuwa a hannu, ciki har da ƙoƙon kan da wani ɗan Cadi ya tsinta a hamadar Jurab a 2001, wanda aka sa wa suna Tumai, mai wajen shekara miliyan 7. Na yi imani da abin da wahayi ya faɗa game da Adamu, da ruhin da aka busa masa, da amanar da ya ɗauka, kuma waɗannan ba abin da sikeli ke aunawa ba ne. Cikin malaman zamaninmu akwai waɗanda suka ce babu nassin da ya hana dabbobi da tsirrai fitowa daga juna, shi kuwa Adamu halittarsa aya ce ta musamman, kamar yadda haihuwar Annabi Isa ba uba ba ta rushe abin da ungozoma ta sani ba. Akwai kuma waɗanda suka fassara matakan halittarsa da faɗi fiye da haka. Wannan zance ne na malamai, a yi shi da ladabi da ilimi. Abin da ba zan yi ba shi ne in kalli ƙashin da ke tafin hannuna in ce babu shi, wai don in kare addini. Addinin gaskiya ba ya bukatar shaidar zur, kuma yaron da aka rena a kan musun abin da ke bayyane, ranar da ya gano, har abin da ke gaskiya zai haɗa ya zubar. Na ga irinsu sun dawo daga jami'a.

Mun san girgije ke kawo ruwa, kuma ba mu fasa roƙon ruwa ba. Mun san wata tara jariri ke yi, daga ɗigo zuwa gudan jini zuwa tsoka da ƙashi, likita ma yana nuna wa uwa hotonsa tun yana ciki, kuma ba wanda ya ce saboda haka ba Allah Ya halicce shi ba. In sanin matakan wata tara bai kore Mahalicci ba, me zai sa sanin matakan miliyoyin shekaru ya kore Shi? Ni dai abin da ya ƙaru gare ni tsoro ne da kunya. Ubangijin da Ya raya kurmi shekaru aru-aru ba idon mutum ko ɗaya da ya gan shi, Ya ciyar da mai ƙulu-ƙulun kai a Akokan, Ya sauya wa Nigersaurus haƙora duk mako biyu, Ya san kowace ɗaya da ajalinta, Shi nake yi wa gaggawa in addu'ata ta kwana uku ba amsa.

Ya Allah, Kai Ka shimfiɗa ƙasar nan hawa-hawa, Ka bar mana alama a kowane hawa. Ka ba mu idon da ba ya tsoron aikinKa, da harshen da ba ya kafirta yaro don ya yi tambaya. Ka jiƙan waɗanda masassara ta ɗauke mana, Ka ba masu neman magani sa'a. Ka tsare waɗanda za su sauka rami yau, Ka maido su ga iyalinsu lafiya.

Gari ya waye sosai yanzu. Motar ma'aikata ta wuce ta nufi Anu Araren, ƙurarta ba ta kwanta ba tukuna. Na iso gida na tarar da jikana a zaure yana ɗaura takalmi, littafi a buɗe kan gwiwarsa. Na ce masa, "Ɗan nan, rubuta abin da aka auna, ka ce ga yadda aka auna shi. Ba ka yi wa Allah ƙarya ba." Ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, in kai wa mushe dutsen nan ya nuna wa ƴan ajinmu?" Na ɗauko shi daga kan taga, na naɗe a tsumma don kada gefensa ya ɓalle, na ce ya fara miƙa wa yaron da ya yi maganar kafirci, ya bar shi ya shafa da yatsansa. Ya sa a jaka tsakanin littafin lissafi da gurasarsa, ya fita da gudu don ya ji an kaɗa ƙararrawa.